Ƙafar da Na Riƙe

Shekaruna ba su kai na masu zama su ce "a zamaninmu" ba. Ko aure ban yi ba, kuma in na shiga kasuwar Shahe ta nan Guangzhou, a ƙasar Sin, har yanzu masu shaguna yarinya suke kirana. Amma tun ranar da aka shigo da Auta gida da ƙafa ɗaure a cikin ƙarfe, ƙuruciyata ta yi min nisa, kamar labarin wata ne aka ba ni na haddace. Auta ƙanwata ce, shekararta sha shida, kuma har yau likita bai yarda ya ce mana za ta ƙara tafiya ba ɗingishi ba. Da hantsi nake wannan rubutu, ita tana barci a ɗaki, Umma ta fita kasuwa. Ɗazu wani a benen sama ya saki ƙwallo ta buga sau biyu, sai da na ajiye biro na dafe ƙirji.

Akwai wani fili a bayan layinmu, tsakanin dogayen gidaje biyu da kowace tagarsu ke da shanya. Siminti ne kawai duk ya tsattsage, da kwandon jefa ƙwallo guda biyu, ɗaya ya karkace, ɗayan kuma ragarsa ta ruɓe sai zoben ƙarfen. A gefe akwai wata ƙatuwar bishiya mai saiwoyi suna reto daga rassanta kamar gemun tsoho, a ƙarƙashinta benci na siminti. In na rufe ido, ba ganin wurin nake fara yi ba, jin sa nake yi. Rediyon tsofaffin matan unguwa da ke rawarsu ta safe da mafici a hannu. Kukan salatif daga sito inda ake naɗe dilolin kaya, ƙiii, ƙiii, tun rana ba ta gama fitowa ba. Ƙarar tayoyin kurar 'yan dako masu gangarawa Shahe. Sannan a ƙarƙashin duk wannan, tim, tim, tim, ƙwallon Kawu Dogo. Shi yake riga kowa zuwa, kuma bai taɓa bin gida ya kira kowa ba. Bugun nan shi ne kiran.

Ba a fita haka kawai. Ranar Asabar da Lahadi sai na gama wanke-wanke, na tsince zaren da ya yi saura a jikin rigunan da Umma ta kwaso daga kasuwar Shisanhang, na ninke su, na rubuta sunayen masu kaya da maka a jikin buhuna. Umma kan ce, "Ki bar min zare ɗaya ki gani, yau ƙwallon nan a mafarki za ki buga ta." Ina yi ina jin tim, tim ta taga, hannuna na sauri, almakashi na cizon yatsana. A filin ma aiki ne ke jiranmu. Mu muke share ganyen bishiyar da guntayen sigarin 'yan dako. In an yi ruwa, ko lokacin nan da garin ke jiƙewa har bangon ɗaki ya riƙa gumi, sai mu bi simintin a durƙushe da tsumma mu tsane shi, don Kawu ba ya yarda a buga a kan danshi. Mu goma sha wani abu ne, duk 'ya'yan 'yan kasuwa, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da wasu 'yan Kumasi biyu da muke kwaikwayon Hausarsu suna bin mu da duka. Mata muka fi yawa. Umma ce ta ɗinka mana dogayen wanduna da gajerun hijabai waɗanda ba sa kama hannu.

Kawu Dogo ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Unguwarsu ɗaya da Babanmu a Kano, shi ke nan, amma a ƙasar mutane wannan ya isa mutum ya zama kawu. Karatu ne ya kawo shi, injiniya ya zo karanta a ɗaya daga jami'o'in garin, tun ana ƙirga Hausawan Guangzhou da yatsu. Tsawonsa ne ya tona shi, don sai ya sunkuya yake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mai horar da 'yan ƙwallon kwando na jami'ar ya gan shi a layin abinci ya ja shi fili, aka tarar dama tun a gida yana bugawa a filin makarantarsu da silifas. Mu ba mu ga wasansa ba, a bakin iyayenmu muka ji. Babanmu, Allah ya jiƙansa, in ya fara ba ya gajiya: yadda alhazai ke rufe sito su hau bas da manyan riguna su tafi kallo, yadda ɗalibai 'yan Sin ke ihun sunansa sun kasa faɗar sa daidai, yadda yake tashi sama kamar an ja shi da igiya. "Ni da idona na gani," in ji Baba, "ya ɗora ƙwallon nan a kwando kamar mai ajiye kwano a kan kanta." Mu dai wanda muka sani mutum ne siriri mai ɗingishi da ƙafar hagu, yana yi wa alhazai tafinta a kasuwar Baima ranakun aiki, ranar hutu kuma ya rataya usur ya tara 'ya'yan mutane don Allah.

Yana da doka ɗaya da ba ta canzawa. Kafin kowa ya taɓa ƙwallo sai an yi langa. Za mu jeru a layin ƙarshe, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya, a yi ta tsalle da ɗayar har tsakiyar fili, a canza ƙafa a dawo. Da farko mun yi gardama, muka ce ai langa wasan maza ne. Ya ce, "A Kano ne na maza. Nan Sin ce, kowa zai yi." Tsofaffin nan masu rawa har tsayawa suke yi su yi ta dariya, wata ma ta taɓa kama ƙafarta ta gwada. Shi kuwa ba ƙafafunmu yake kallo ba. Yana tafiya da baya a gabanmu, ya sunkuyo, yana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta ɗan yamutsa fuska ko ta cije leɓe, sai usur. "Benci." Ranar nan aikinta ɓare wa masu wasa lemo. Ba roƙo, ba kuka, ba "wallahi Kawu ba komai". Yakan ce bakinmu ya iya ƙarya, fuskarmu ma tana gwadawa, amma ba ta kai wa tsalle na biyar.

Ni ce na fi kowa gajarta, shi ya sa ya laƙaba min Guntuwa, sunan ya bi ni har gida. Amma ina da sauri, ina kuma da naci. Wata shekara ya shirya mana wasa da 'yan matan wata makaranta ta unguwar, wasanmu na farko da baƙi, har da riguna masu lamba da Umma ta samo mana. Ana saura kwana biyu na yi targaɗe a idon sawu a matakalar gidanmu. Ban gaya wa kowa ba. Na ɗaure wurin da ƙyalle tamau, na ja safa na rufe, na kwana biyu ina gwada fuska a madubi. Ranar wasa iyaye suka zo da filas ɗin shayi, Baba har da sabuwar hula. Aka jeru langa. Tsalle na ɗaya, na biyu, ina murmushi. Na uku. A na huɗu ban san abin da fuskata ta yi ba.

Usur.

"Guntuwa, benci."

"Kawu, wallahi..."

"Cire safar nan."

Na cire. Wurin ya kumbura ya yi baƙi. Na fashe da kuka a gaban baƙi, na ce ai yau kaɗai ne, yau kaɗai, gobe in ya ga dama ya hana ni wata guda. Bai yi min tsawa ba. Ya miƙa wa baban wata yarinya usur ya ce a fara, ya zo ya zauna kusa da ni a ƙarƙashin bishiyar, ya naɗe ƙafar wandonsa ta hagu har cinya. Ban taɓa ganin gwiwar ba sai ranar. Ba ta yi kama da gwiwa ba. Tabon ɗinki biyu ne dogaye kamar an ja zif, ƙashin ya karkata gefe, naman cinyar ya tsotse.

"Taɓa," ya ce. Na taɓa da yatsa ɗaya. "Ni ma haka na ce. Yau kaɗai."

Ya ba ni labarin a hankali, yana ɓare lemo. Shekararsa ta ƙarshe a jami'a, wasan ƙarshe na gasa, gwiwar ta yi makonni tana ciwo. Mai horar da su ya kai shi wani ɗaki a baya aka yi masa allura a gwiwar, ciwon ya ɗauke ɗif kamar an kashe fitila. Ya shiga ya yi wasan da har yau ake labari, wannan da Baba ke yawan faɗa. Ana dab da tashi ya yi tsalle ya sauko, ƙafar ta ninke ta inda ba a ninkewa. "Ciwon nan da kike jin haushinsa," ya ce, "shi ne maigadinki. Ni an sa nawa barci ne, ɓarawo ya shiga." Ya miƙo min ɓarin lemo. "Kofin yana can a kabad ɗin jami'a, ba na jin ko ƙura ana goge masa. Ni kuma ga ni. Ƙafa ba riga ba ce, Guntuwa, ba a sayo ta a Shahe." Sannan ya ɗaga hannu ya ce Allah ne shaidarsa, muddin usur na wuyansa, ba yaron da za a soka wa allura don ya buga wasa.

An ci mu a wasan nan, ci ba na wasa ba. Amma a hanyar gida, Kawu ya saɓa ni a kafaɗa ina hango saman motoci, na ji Baba yana ce wa Umma, "Mutumin nan, ko ni ban fi shi son yaran nan ba."

Daga baya aka mai da ni Kano wajen kakata na yi sakandare. Ina aji biyar Baba ya rasu a nan, ba na kusa. Kawu Dogo ne ya yi ta zirga-zirgar takardu, yana cikin masu wanka, shi ya tsaya har aka rufe shi. Umma ta ƙi komawa gida, ta riƙe kasuwancin, kuma duk abin da ya shafi hukuma ko makarantar Auta, Kawu ne a gaba. Ina faɗar wannan don a san nauyin mutumin a gidanmu, ba don in wanke kaina ba.

Da na gama na dawo taya Umma aiki, washegari da safe na zagaya bayan layi. An shafe filin da kwalta, an jera baburan masu kai abinci suna caji. Bishiyar an sare ta, saura kututture. Tsofaffin masu rawa ban san inda suka koma ba. Ko dilolin ma yanzu inji ne ke naɗe su, kukansa daban. Na tambayi Auta ina ake wasa, ta yi dariya ta ce, "Yaya, kin zama 'yar ƙauye. Ai Kawu ya zama babban koci."

A hawa na biyar na wani katafaren kanti yake yanzu, kulob ne na wani attajiri da kowa ke kira lawban, wato maigida. Ƙasan katako ne mai sheƙi, sanyin na'ura har cikin ƙashi, fitilu kamar ɗakin tiyata. Ba mai shara, ba mai tsane ruwa, ba lemo, sai robobin wani ruwa mai launi. Mu da in ɗaya ta faɗi sai mu taru a kanta har abokan karawa, su kuwa in ɗaya ta faɗi tsallake ta ake yi. Iyaye ba sa zuwa da shayi, daga shago suke kallo a waya, domin a kowace kusurwa an kafa waya a kan sanda tana nuna yaran kai tsaye, wata budurwa tana ta zuba a gabanta tana tallar kulob ɗin. Hoton Kawu na zamanin jami'a, yana sama da ƙwallo a hannu, an buga shi ya cika bango guda, an yanke shi daidai cinya, gwiwar ba ta fito ba. Shi kansa ya yi ƙiba, ya yi wuya, ya koyi wani irin taku a hankali mai ɓoye ɗingishin. Ya yi murnar ganina, ban ce bai yi ba. "Guntuwa! Har yanzu ba ki ƙaru ba? Me suke ba ku a Kanon?" Na durƙusa na gaishe shi. Muna cikin gaisawa lawban ya leƙo, sai na ga Kawu, mutumin da na sani ƙofa kaɗai yake sunkuya wa, ya ranƙwafa wa wani guntun mutum yana ta dariya alhali ba a faɗi abin dariya ba.

Na zauna kallon atisaye. Aka busa usur, yara suka ruga suka ɗauki ƙwallo.

"Kawu, langa fa?"

Ya waiga ya ga ko wani ya ji. "Wace langa? Nan ba bayan layi ba ne. So kike a ɗauka a waya a ce ga abin da baƙar fata ke koya wa 'ya'yan mutane?"

Auta ce abin alfaharinsa. Ta ɗauko tsawon dangin Umma, ta wuce ni da kai da wuya, kuma abin da na yi shekaru ina naci a kai ita a jininta yake. Fuskarta ce a tallarsu. Aka ce wasu baƙi za su zo daga wata babbar makaranta mai ƙungiyar ƙwallo su zaɓi yara, wadda aka ɗauka za ta yi karatu har jami'a. Aka kuma ce in an ɗauki ko ɗaya daga kulob ɗin, lawban zai buɗe reshe na biyu ya damƙa wa Kawu. Umma ta sa aka yi ta addu'a. Ni kuwa na lura Auta ta fara hawa matakala a karkace, tana jan ƙafar dama, tana dafa bango in ta ɗauka ba mai kallonta. Ana jibi baƙin za su zo, da la'asar, Umma ba ta dawo ba, na tare ta a baranda.

"Kama ƙafarki."

"Yaya don Allah, wane irin abu ne wannan, sai ka ce yara."

"Kama ta hagu. Ki zo nan inda nake."

Ta kama tana hararata. Ɗaya. Biyu. A na uku ta zube a kan takalman maƙwabta, ta rungume gwiwa, ko kuka ta kasa sai numfashi. Da ta samu bakin magana ta ce sati uku ke nan. Ta riƙe min zani ta ce in na gaya wa Umma, ba ni ba ita har abada. Na ce Kawu ya sani? Ta ce ya sani, ya ce zai duba. Wallahi da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Na ce a raina, to shi ke nan, za ta sha kukanta a benci kamar yadda na sha nawa. Har lemo na saya a hanya ranar zuwan baƙin, don in tsokane ta.

Ranar da hantsi wurin ya cika. Baƙin su uku ne, suna zaune a gaba da takardu a cinya. Umma ta tafi Baima karɓar kaya, ta ce za ta iso kafin a tashi. Ana saura kaɗan a fara Kawu ya yafito mu, ni da Auta, muka bi shi wani ɗan ɗaki a bayan inda ake ajiye ƙwallaye. Akwai gado irin na asibiti, da wani mutum da ban sani ba, ba rigar likita a jikinsa, yana buɗe wata 'yar kula. Warin magani ya buge ni. Auta ta hau gadon ta naɗe wando ba wanda ya ce mata, a nan na gane ba yau aka fara maganar ba.

"Kawu," na ce, "allura ce?"

"Ta rage zafi ce kawai. Yanzu an ci gaba, ba irin ta da ba ce."

"Amma ai kai ka ce..."

"Na ce me?" Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni daga can sama. "Ni zan cuci 'yar Alhaji? Ni da na sa shi a kabari da hannuna? Yau kaɗai ne. Gobe ta huta wata guda in ta so. Zo ki riƙe min ƙafarta kada ta motsa, mutumin nan sauri yake."

Yau kaɗai. Da bakinsa.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni ihu, me ya hana ni jan hannunta mu fita, me ya hana ni kiran Umma alhali waya na cikin jakata tare da lemon. Abin da na gano ba shi da daɗin faɗa. Tun ina ƙarama ba a taɓa koya min yadda ake ce wa babba a'a ba. An koya min in durƙusa, in sunkuyar da kai, in karɓi aike da hannu biyu. Babba ya ce zo, ƙafata ta tafi kafin kaina ya gama tunani. Na ajiye jaka. Na kama ƙwaurin ƙanwata da hannu biyu, da ɗuminsa. Na danne shi. Allurar doguwa ce, ta shiga ta gefen gwiwa, Auta ta cije hijabinta, ni kuma na kalli bango. Kawu yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo.

Ta yi wasa, kai, ta yi wasa. Ban taɓa ganin ta haka ba. Baƙin suna ta rubutu, lawban yana tafi, budurwar mai waya tana ihu. Umma ta iso ta zauna kusa da ni tana haki, tana zungurata, "Masha Allah, kin ga 'yar nan?" Ni ko ƙwallon ban gani ba, gwiwar dama kawai nake bi da ido. Bayan an dawo hutun rabin lokaci ta ƙwace ƙwallo ta ruga ita kaɗai, ta tashi, ta jefa, ta sauko. Ƙarar ba babba ba ce. Kamar an karya ɗanyen karas a kicin. Amma na ji ta a cikin duk hayaniyar nan, kuma har yanzu ina jin ta, a jirgi, a kan sallaya, in Umma na yanka kayan miya. Abin da ya fi tsaya min a rai, Auta ba ta yi ihu ba. Ta zauna a katakon tana kallon ƙafarta da ta juya, da mamaki a fuskarta, don ba ta jin komai. Maigadin yana barci. Kuma wayar nan ta kusurwa ba a kashe ta ba, da idona na ga budurwar ta matso da ita kusa.

A asibiti aka ce jijiyoyi biyu sun tsinke, da wani abu a cikin gwiwar da ya dagargaje. Likita ya yi wa Umma tambaya ta bakin tafinta, ko yarinyar ta daɗe tana ciwo, ko an ba ta wani abu kafin wasa. Kawu ne tafintan. Na manta yaren Sin da yawa a Kano, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar garin nan ya san "meyo". Babu. Sau biyu ya faɗa, bai ma juya wa Umma tambayar ba. Auta da ta fi mu jin yaren ta mai da fuska bango.

Bayan an yi mata aiki an sallamo ta, ya zo dubiya ranar Juma'a bayan masallaci, da manyan kaya, da wasu dattawa biyu abokan Baba. Ya kawo madara da leda cike da lemo. Lemo! Ya zauna a kujerar Baba ya yi ta bayani a kan ƙaddara, wai shi ma haka ta same shi. Dattawan suna gyaɗa kai. Umma tana zaune a ƙasa tana share hawaye tana cewa, "Kawunsu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Ba don kai ba da ban san yadda zan yi ba." Ni ina durƙushe ina zuba shayi. Na kalli hannunsa, yana ɓare lemo a hankali, daidai yadda ya ɓare a ƙarƙashin bishiya, zai miƙa wa Auta. Na ji in ta karɓi lemon nan amai zan yi a kan kafet.

"Umma," na ce. Na ajiye butar. "Allura aka yi mata. Sati uku tana ciwo, kuma ya sani. A ɗakin baya aka yi, kafin ki zo."

Ɗaya daga dattawan ya ce, "Ke yarinya, a gaban manya?"

Kawu ya yi murmushi. "Hajiya, ku yi mata uzuri, firgita ta yi. Guntuwa, me kika gani, ke da kike waje?"

Hanyar tsira ya buɗe min. In na yi shiru, ina waje, ban ga komai ba, ba ruwana. Na gane tayin sarai, kuma wallahi na so in karɓa.

"Ba waje nake ba, Kawu. Ni na riƙe ƙafar."

Umma ta juya ta kalli Auta. Auta ta ja bargo ta rufe fuska, bargon yana motsi. Umma ta daɗe tana kallon bargon nan. Sannan ta miƙe, ta tattara ledar lemon da madarar, har da ɓawon da ke kan faranti, ta kai waje ta ajiye kusa da takalmansu. Ta tsaya riƙe da ƙofa. Da Kawu ya tashi ya manta da takun nan nasa, ɗingishin ya dawo, har sai da ya dafa bango.

Kada a ɗauka abin ya ƙare da daɗi. Yana nan a kulob ɗinsa, hotonsa na nan a bango, yara na nan suna ɗaukar ƙwallo ba langa. Wasu sun ce Umma ta bar yarinya ta ci mutuncin mutumin da ya binne mijinta, akwai matan da suka daina amsa sallamarta a Shahe. Takardun zamanmu sun kusa ƙarewa, wannan karon kuma ba mu san wa zai shige mana gaba ba. In na hango dogon mutum a tashar jirgi sai in canza ƙofa. Umma ta yi kwana huɗu ba ta yi min magana ba, a na biyar ta turo min kwanon tuwo ta ce, "Ci."

Da muka koma asibiti mu kaɗai, Auta ta gaya wa likita gaskiya da bakinta. Ya cire tabarau. Sannan ya ce dole a riƙa lanƙwasa gwiwar kowace safiya, kaɗan-kaɗan, in ba haka ba za ta sandare, kuma mutum ba ya iya yi wa kansa, sai an riƙe masa. Umma ta gwada sau ɗaya ta kasa jure kukan. Washegari, daidai lokacin da a da muke jin tim, tim ta taga, Auta ta kwanta a tabarma ta naɗe wando. Tabon ɗinki biyu, dogaye, kamar an ja zif. Na tsaya daga nesa, hannuwana a bayana.

"Yaya, zo mana."

"Ba zan iya ba."

"To wa zai yi, lawban?" Ta yi 'yar dariya, ba ta kai ƙarshenta ba. "Zo ki riƙe."

Na durƙusa na kama ƙwaurin, daidai inda na kama ranar. Haka muke yi kullum yanzu. Ina turawa a hankali, ba na kallon bango, gwiwar ma ba na kallonta. Fuskarta nake kallo. Takan ce, "Ci gaba, Yaya, ba zafi, wallahi ba zafi," ni kuma ina jira. Da leɓenta ya motsa, sai in tsaya.